Wuyan Mai Zane

Fagge, Kano
9 ga Fabrairu, 1975

Takarda ta fito daga hannun baffanka Nata'ala zuwa ga ɗana Uwaisu a birnin Landan.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka. Ya sanyi, ya karatu? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da take tuna mini shekarun da na yi a fagen kokawa. Na leƙa Bichi na gaida mahaifiyarka, tana nan ƙalau. Ƙanwarka Luba ta sauka, an samu namiji.

Ka san kakanka da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma tun rasuwar mahaifinka ban taɓa ɗora maka wani aiki ba. Yau zan ɗora.

Kuɗin fetur ya shigo gari, gwamnati tana gina sabon ɗakin wasanni, an kuma sa ni cikin kwamitin bikin buɗe shi saboda an tuna na taɓa kayar da maza. Yanzu duk mai talabijin a Kano kokawar Turawa yake kallo ran Asabar. Ni ma na sayi akwatin, zaurena ba ya ɗaukar mutane. Kwamiti ya ce a kawo 'yan kokawa daga waje. Na miƙe na ce in za a kawo, a kawo mutumin Samoa.

Na ga 'yan tsibirin nan huɗu ko biyar a akwatin, duk maza ne. Amma ɗaya ya fita daban. Mai bayani yana kiransa Tavita, mu nan Mai Zane muke ce masa, don an zane jikinsa da baƙi daga ƙugu har gwiwa. Direbobin motocina sun fi son wani gajere mai yawan tsalle da suka sa wa suna Kwaɗo. Na ce musu su yara ne, tsalle suke kallo. Ni ɗan kokawa ne, ƙafa nake kallo. Mai Zane in ya dasa ƙafarsa sai dai ka zagaya shi. Ba ya gaggawa, ba ya zagin kowa. Zai bar ka ka gama haukanka, sannan ya ɗaga ka kamar damin gero ya ajiye. Idan ya kayar da mutum kuma sai ya miƙa masa hannu. Tun da Samoa take haihuwar 'yan kokawa ba ta haifi kamarsa ba, wannan magana na faɗe ta a gaban kwamiti kuma ban janye ba.

To ka nemo mini shi. An ce a Landan yake zaune. Ka gaya masa akwai garin da ake kiran sunansa a kasuwa, kuma muna son ya zo ya yi wasa ranar buɗewa.

Kada ka ce mini karatu ya yi yawa. Mai koyon gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ai ya kamata ya san inda masu karya ƙashi suke.

Haza wassalam.

*

Deptford, Landan
2 ga Maris, 1975

Zuwa ga Baffa Nata'ala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya raya abin da Luba ta samu. Gwiwar nan kuwa, Baffa, ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ka kuma rage zaman tsugune. Ni lafiyata ƙalau. Mai gidan da nake haya, Madam Tabitha, mutuniyar Jos ce, nas ce a wani asibiti, ba ta bari in kwana ban ci tuwo ba ran Lahadi.

Aikin da ka ba ni na karɓa. Amma ka yi haƙuri, a wannan gardama ina tare da direbobinka.

Ba a akwati nake ganin Kwaɗo ba, da idona nake ganinsa. Sunansa Iosefa. Akwai wani zaure a nan kusa da mu da ake wasa duk mako, tsofaffin mata Turawa su ne a layin gaba, suna dukan dandamali da jakunkunansu. Na ga Iosefa ya kara da wani da ya ninka shi biyu. Ya hau kan igiya, ya juya a iska, kafin ƙaton ya gane inda yake har an ƙirga masa uku. Ƙato ya kayar da mutum ba abin mamaki ba ne, Baffa, Allah ne ya ba shi jiki. Amma gajere ya kayar da ƙato, wannan shi ne gwaninta. Idan ana lissafin gwanayen Samoa, ni Iosefa zan fara ambata. Da ni ne kwamiti shi zan kawo muku, ko da kuwa sai na ɓoye maka Mai Zanenka a bayan ƙofa!

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun zuwana ƙasar nan ban taɓa ganin sunan Tavita a jikin takardun talla ba. Na tambayi mai sayar da tikiti, ya ce ya daɗe bai ji labarinsa ba. Zan ci gaba da nema.

A gaida Inna Sakinatu da yara.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Deptford, Landan
23 ga Maris, 1975

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ban jira amsarka ba saboda abin da zan gaya maka ba ya son jira.

Na same shi. Ashe shekara guda ke nan ina wuce shi ban sani ba.

Ina ba Madam Tabitha labarin zanen jikin nan sai ta ajiye cokali ta ce, "Kai, ko dai David mai kifi kake nufi?" Ashe a harshensu Tavita shi ne David. A kasuwar unguwarmu yake, yana yanka kifi a shagon wani Bature. Washegari ta kai ni. Baffa, girman yana nan, ya cika bayan teburin shi kaɗai. Amma da na kira sunansa daga gefe, bai juyo da kansa ba. Jikinsa gaba ɗaya ya juyo, kamar ƙofa. Abin da nake karantawa ke nan, nan take na gane wuyansa ne.

Na gaya masa daga ina nake da abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya ce, "Har yanzu ana nuna ni a wani wuri?" Na ce duk Asabar. Ya tambayi da wa suke gani yana karawa, na faɗi sunayen da ka taɓa ambata mini. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai kafin a haifi 'yata ne, ga ta nan har ta shiga makaranta." Finafinan da ake nuna muku tsofaffi ne, Baffa. Mutumin da kake kallo ba shi ne yake tsaye a Deptford ba.

Ya gayyace ni gidansa muka sha shayi. Shekara huɗu da suka wuce wani ya ɗaga shi zai ajiye, gumi ya sa hannu ya zame, ya sauka a kan tsakiyar kansa. Ya yi watanni a kwance. Ya tashi, amma yatsu biyu na hannunsa na hagu ba ya jin su, kuma in ya ɗaga kai sama sai ya ji kamar wutar lantarki ta bi bayansa.

Akwai kuma abin da na sani tuntuni na ƙi gaya maka don kada in ɓata maka Asabar ɗinka. Wannan kokawa ba irin tamu ba ce. Kafin su hau dandamali an riga an shirya wanda zai ci. Ƙarfin gaskiya ne, faɗuwar gaskiya ce, amma ƙarshen a rubuce yake. Shi da kansa ya tabbatar mini. Na faɗi wannan ne don ka sassauta wa ranka, ka san ba wata sarauta za a rasa ba in bai zo ba.

Na tambaye shi gardamarmu, wa ya fi a cikinsu. Ya ce ba shi ba ne, ba kuma Iosefa ba ne. Ya ce wani kawunsa ne mai suna Malaki, wanda bai taɓa barin tsibiri ba, bai taɓa sa takalmin wasa ba, shi ya koya musu su biyun a kan yashi. Ya ce har ranar da ya hau jirgin ruwa bai taɓa kai Malaki ƙasa ba.

Maganar zuwa Kano, a bar ta. Ba zai iya ba.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Fagge, Kano
27 ga Afrilu, 1975

Daga Nata'ala zuwa ga Uwaisu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, ruwan ɗumin ya yi amfani, na gode.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, don haka a jere na karanta su. A ta farko ka ce za ka ɓoye mini Mai Zane a bayan ƙofa don a kawo Kwaɗonka. A ta biyu sai ga shi ka ɓoye shi a bayan teburin kifi. Uwaisu, ni za ka yi wa haka? Ban yi makarantar da ka yi ba, amma na iya jera magana biyu in ga inda suka dosa.

Ka ce wuyansa ya taɓu. Wane ɗan kokawa ne jikinsa bai taɓu ba? Na shiga fage a Gumel da haƙarƙari biyu a karye, an ɗaure ni da rawani, na kuma ci. Kai da kanka ka ce yana tsaye yana aiki da wuƙa daga safe zuwa yamma. Wanda ya lalace ba ya haka.

Maganar cewa ana shirya wanda zai ci, na kwana biyu ba ta bar ni na ci abinci da daɗi ba. Daga baya na ce to, a shirya. Ana iya shirya wanda zai faɗi, amma ba a shirya wa mutum yadda zai tsaya. Tsayuwar nan tasa ce. Kuma da bakinka ka warware matsalar. Tunda shiryawa ake yi, sai a shirya wasan da ba zai faɗi ba. A kawo masa wani ya ɗaga ya ajiye, jama'a su yi ihu, a tashi. Ina haɗarin yake?

Wannan Malaki kuwa, Allah ya ba shi lada, amma ban ga ƙafarsa ba, ba zan sa shi a lissafi ba. Kowane gwani in ka tambaye shi malaminsa zai nuna maka. Tarbiyya ce, ita ma tana cikin abin da ya sa Mai Zane ya fi su.

Na riga na ba kwamiti baki. An sanar a rediyo. Yara a Kantin Kwari suna tare ni suna tambaya yaushe zai sauka. Ba zan koma in ce musu ɗana ya ce a bari ba. Sakataren kwamiti, Mista Rwang, ya samo adireshin wani dillalin 'yan kokawa a nan Landan ɗinku, ya rubuta masa, mun kuma gaya masa kasuwar da zai same shi. Na sauke maka aikin. Ka koma kan karatunka.

Ginin zai ɗan yi jinkiri, an ce jiragen siminti sun cushe a bakin ruwan Ikko. Sai ƙarshen shekara in Allah ya kai mu.

Wassalam.

*

Deptford, Landan
8 ga Yuni, 1975

Baffa,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na gaida kowa.

Wallahi maganar bayan ƙofa wasa na yi, irin wanda muke yi a zaurenka. Da na san za ta zama haka da na yanke hannuna kafin in rubuta ta. Ka cire Iosefa daga wannan magana. Na yarda, Mai Zane ya fi shi, ya fi Malaki, ya fi duk wanda Samoa za ta haifa nan gaba. Ka ci gardama. Yanzu ka saurare ni.

Dillalin ya same shi, kuma Tavita ya sa hannu.

Da na ji, na je kasuwa na tsaya har ya tashi aiki. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bi ni asibitin da muke koyon aiki a ɗauki hoton wuyansa. Ya ƙi, na koma, ya ƙi, na sake komawa da Madam Tabitha, ita ce ta yi masa faɗa irin na nas har ya yarda. Na samo masa lokacin ganin likitan ƙashin da yake koyar da mu. Likitan ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna mana. Ƙasusuwa biyu na wuyan sun goce, sun matse lakar da ta taso daga kai ta bi baya. Ya ce tsakanin ƙashin da lakar babu abin da ya rage. Ya ce masa, "Faɗuwa ɗaya, ko girgiza ɗaya mai ƙarfi, daga wuyanka zuwa ƙasa ba za ka ƙara motsawa ba."

Haƙarƙari yana ɗoruwa, Baffa. Laka ba ta ɗoruwa. Ina ganin irinsu kullum a ɗakin da nake aiki, samari majiya ƙarfi, ni nake juya su a gado, ni nake ba su ruwa da cokali.

Ka ce a shirya wasan da ba zai faɗi ba. Ranar da ya karye ma an shirya shi ne zai ci. Babu wanda ya shirya gumin. Kuma ba sai ya faɗi ba, ɗaga mutum kaɗai ya isa, don nauyin a wuya yake sauka.

Da muka fito daga asibiti muka zauna a tashar bas. Na ce masa, "Ka ji da kunnenka." Ya ce ya ji. Na ce, "To za ka soke?" Ya ce a'a.

Ya ce, "Uwaisu, shekara goma sha huɗu ban ga mahaifiyata ba. A ƙauyenmu hotona yana rataye a ɗakin taro. Ba su san ina yanka kifi ba. Kuɗin wasan nan ɗaya zai kai ni gida ni da 'yata, in sauka a matsayin ɗan kokawa. Ka ce in zauna a nan ina lallaɓa wuya har yaushe? Har a aiko mini an binne ta?"

Muka rabu a nan. Na je wajen dillalin, ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a saman shagon taba. Ya ce mutum baligi ya sa hannu, ni kuma ɗalibi ne ba likita ba, ya nuna mini ƙofa.

Saura kai kaɗai. Kai ka kira sunansa, kai za ka iya janyewa. Na san abin kunya ne a gaban kwamiti, na san an faɗa a rediyo. Amma ina so ka ga abin da nake gani: ɗaki cike da mutanen Kano, makaɗa suna kiɗa, shi kuma yana kwance a tsakiya idonsa biyu, ya kasa ɗaga yatsa. Ba zan daina rubuto maka ba. In ka ƙi, zan rubuta wa kwamiti da sunana, in haɗa da takardar likita, ko da hakan zai sa ka daina amsa gaisuwata.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Deptford, Landan
14 ga Satumba, 1975

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Wannan ita ce ta uku tun ta watan Yuni, ban ga amsa ko ɗaya ba. Na san an yi juyin mulki, an ce wasiƙu sun tsaya a hanya, da wannan nake lallashin kaina. Amma mahaifiyata ta rubuto, tata ta iso.

Tavita ya fara motsa jiki da sassafe a bakin kogi. Jiya na gan shi yana gwada ɗaga buhun ƙanƙara a kafaɗa, ya ajiye da sauri ya dafa bango. Ya gan ni, ya kau da ido.

Na rubuta wa kwamiti kamar yadda na ce. Ban ɓoye maka ba.

Makaranta ta tura ni wani asibiti a arewacin ƙasar nan, zan yi wata biyu. Duk abin da ka aiko Madam Tabitha za ta tura mini. Ko layi ɗaya ne, Baffa.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Aldwych, Landan
19 ga Oktoba, 1975

Takarda daga baffanka Nata'ala zuwa ga ɗana Uwaisu.

Assalamu alaikum. Ka duba saman takardar nan da kyau, ba kuskure ba ne. A garinku nake, a wani otal da motoci masu bene suke wucewa ta ƙarƙashin tagata. Na zo ba ka nan. Lafiyata ƙalau, sai dai sanyin nan ya sami gwiwata ya zauna. Na baro kowa lafiya.

Takardunka duk sun iso. Ban amsa ba don fushi nake yi, musamman da Rwang ya karanta wadda ka aika wa kwamiti a gaban mutane ina zaune. Shugaban kwamiti ya ce a yi watsi da ita, maganar ɗalibi ce. Da aka ce a turo Rwang ya ƙarasa da dillali ya ɗauko hotunan talla, na ce da ni za a je. Niyyata in ga mutumin da idona, in dawo in ƙaryata ka.

Madam Tabitha ce ta zo ta ɗauke mu. Matar kirki ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Ta shigar da ni jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ban saki ƙarfe ba har muka fito.

Tun daga nesa na gane shi. Ƙafar nan tana nan yadda na san ta, ko kifi yake yankawa a dashe take. Ban san lokacin da na ɗaga murya na yi masa kirari a tsakiyar kasuwa ba, irin wanda makaɗa suke yi mini a da. Turawa suka tsaya suna kallo. Shi bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya fito.

Na ce wa Tabitha ta gaya masa ni ma ɗan kokawa ne, ina so mu kama. Ba kaye ba, kamu kawai. Ya yi murmushi, ya ɗora hannuwansa a damatsana, na ɗora nawa a nasa. Na ce ya matsa.

Na dama ya kusa fasa mini ƙashi. Na hagu kuwa, Uwaisu, kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma. Yana matsawa, ina ganin jijiyar goshinsa ta tashi, amma babu abin da ya iso gare ni. Na dube shi, ya dube ni. Ya san na ji.

Ba ka yi ƙarya ba.

Na ce wa Tabitha, "Gaya masa ba zai yi wasa a Kano ba." Ta ce, "Alhaji, a nan cikin mutane?" Na ce a nan. Ta faɗa masa. Fuskarsa ta canza, ya yi magana da ƙarfi har mai shagon ya leƙo. Ta ce cewa ya yi, wane ne ni, wuyansa ne ko nawa? Na ce, "Wuyanka ne, amma fagena ne. Ba za a kwashe ka a fagena ba."

Rwang ya ja ni gefe yana cewa an buga sunansa, shugaba zai ci mutuncinmu, ƙila a cire ni. Na ce a cire. Na ce ya rubuta a rahotonsa cewa Nata'ala ne ya soke, shi bai da hannu.

Na koma na ce wa Mai Zane akwai wata hanya. Muna da samari a Kano da suke kwaikwayon abin da suke gani a akwati, suna jefa junansu a kan siminti, babu mai nuna musu yadda ake faɗuwa. Ya zo ya koya musu shekara guda, daga can ya wuce gida. Ya ce shi ba mai renon yara ba ne. Ya juya ya koma bayan teburinsa, bai ƙara kallona ba. Na dawo otal ban iya cin komai ba.

Kwana biyu bayan nan Rwang ya kai ni zauren nan naku na ga Kwaɗonka. Yana da sauri, ban hana shi ba, kuma yana sauka da kyau. Shi za mu kai ranar buɗewa, dillali ya yarda a musanya bayan ya gama surutunsa. Kada ka yi murna. Ka rubuta cewa na ci gardama don kawai in saurare ka, ni kuma ba na karɓar kyautar kaye. Ka dawo gida mu yi ta a zaure da hujja.

Yau da safe ina shan shayi aka ce ina da baƙo. Na sauko na same shi a tsaye da kwat, riƙe da hannun 'yarsa. Rwang ya yi mana tafinta. Bai gaishe ni da fara'a ba. Tambaya ya fara: samarin su nawa ne, a kan me za su faɗi, akwai makarantar da yarinya za ta shiga. Na amsa. Sannan ya kafa sharuɗɗa. Shi zai zaɓi waɗanda zai koyar. Babu wanda zai ɗaga wani sai ya yi wata uku yana koyon faɗuwa. Ranar buɗewa zai shigo da zanen ƙasarsu a ɗaure, ya tsaya a tsakiya a matsayin alƙalin wasa, kuma ba ya son a ce wa jama'a ba shi da lafiya. Na ce abin da za a ce shi ne Mai Zane ya zo. Sai ya miƙo mini hannu, na hagun, na riƙe shi da nawa biyu.

Ban san ko kwamiti zai yarda ba. In sun yarda, alhamdu lillahi. In sun ƙi, ina da fili a bayan garejina, zan sa a zuba yashi, ina da ɗakuna biyu a sama, kuma motocina suna kan hanya. Zuwansa da komawarsa gida a wuyana suke, na faɗa masa a gaban Rwang.

Gobe za mu tashi. Ga aikinka. Ka rubuto mini da wuri irin gadon da ya dace da shi, da irin matashin kai, da abin da zai iya ɗauka da abin da ba zai taɓa ba. Ka rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, don in manna a bangon fage kowa ya karanta. Ka kuma tambayi likitanku yadda zai zauna a jirgi. Hanyar filin jirgi ta fashe da ramuka tun damina, don haka ranar da zai sauka ba zan ba direba ba. Ni zan tuƙa da kaina, a hankali, duk wanda yake bayana ya yi ta hon.

Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Baffanka,
Nata'ala